Rijiyar Gwaggo Mai Tsabta

Haihuwa da tasowa

An haifi Gwaggo Mai Tsabta a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin fadama. Mahaifinta maginin rijiya ne, mahaifiyarta kuwa wanki take yi wa mutane. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin tsinke a moɗa ta kau da kai, har yayyenta suka riƙa tsokanarta cewa wata rana sai ta wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Daga nan laƙabin ya bi ta, sunan yanka ya ɓace. Aji huɗu ta yi a firamare, aka cire ta don ta taya uwarta aiki.

Aure da zuri'a

A 1970 ta auri wani tela mai sanyin hali, kuma mahaifinta da hannunsa ya haƙa musu rijiya a tsakar gida, wadda duk layin suka koma ɗiba a cikinta saboda daɗin ruwanta. Allah Ya ba su 'ya'ya biyar, biyu suka koma tun suna goye.

Zuwan masu haƙar mai

A 1988 wani kamfani ya samu lasisin haƙo mai a bayan gari. Da mazauna suka yi ƙorafi, aka fahimtar da su cewa a doka saman ƙasa ne nasu, abin da ke ƙarƙashi kuwa na hukuma ne. Ba a jima ba ruwan rijiyoyin unguwar ya fara maiƙo yana warin kananzir. Tela ya kamu da tari da ciwon ciki, har taka keke ya gagare shi.

Shari'a

A 1993 unguwar ta shigar da ƙara, tana neman a tilasta wa kamfanin ya toshe inda man yake yoyo, ya kawo musu ruwan sha. Lauyansu ya bayyana cewa komai ya rataya ga gwajin ruwa, aka kuma zaɓi rijiyar Gwaggo domin ita ce mafi kusa da wurin haƙar. Ya ce mata, "Gwaggo, ki cika mana kwalba, gobe za a miƙa wa kotu."

To, baiwar Allah nan ko baƙon hanya ba ta taɓa miƙa wa ruwa mai datti ba, balle alƙali. Ta kwashe maiƙon da ludayi, ta tafasa ruwan, ta tace shi da gawayi da farin ƙyalle, ta kai shi garau. Aka liƙe kwalbar a gaban shaidu, aka tura ɗakin gwaji. Sakamako ya dawo cewa ruwan ya dace da sha, kotu ta kori ƙarar.

Da lauya ya titsiye ta, sai ta ce, "Haba ɗan nan, a gaban manya zan ajiye wannan ƙazantar? A ce daga gidan wa ta fito?"

Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi karɓar sabuwar shaida. Kamfanin ya sayar da lasisinsa, wanda ya saya kuwa ya ce ba a zamaninsa aka yi ɓarnar ba. Tela ya rasu a 1996.

Ƙarshen rayuwa

Maƙwabta ba su taɓa faɗa mata magana a fuska ba, sai dai ƙafarsu ta ɗauke daga gidan. Kowace shekara takan ɗauki kwalbar ruwan rijiyar, da maiƙonta da warinta, ta kai ofishin hukumar mai, masinja ya karɓa da ladabi ya ajiye bayan ƙofa.

Rasuwa

Ta rasu a 2014 bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, aka binne ta kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya uku: babbansu direban tankar ruwa ne, mai bi masa tana aikin jinya, auta kuma ya gaji keken ubansa. Daga tankar ɗanta aka ɗebi ruwan da aka yi mata wanka, rijiyar mahaifinta tana nan gefen makara, rufe da faifan ƙarfe.