Gurbin Da Kunkuru Bai Cike Ba

Ina durƙushe ina auna ƙafar wandon wani kwastoma, allura a bakina, wayata ta yi ƙara. Matar Kunkuru ce, ko sallama ba ta yi ba.

"Yaya Tela, abokinka ya tafi."

Na ce, "Ya tafi ina?" Sai da ta fashe da kuka na gane. A bakin ƙofar gida ya yanke jiki ya faɗi, jakar kwamfuta a kafaɗarsa.

Shagonsa na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu. Shafukan intanet yake gina wa mutane: masu kanti, masu makarantu, masu sayar da takalma. Tebur ɗaya gare shi, da kwamfuta mai tsagaggen gilashi, da wata fanka mai kuka kamar akuya. Sunan Kunkuru kuwa ni na laƙaba masa, don da farko komai da hannunsa yake rubutawa, layi bayan layi, har ɗan maɓallin da ake dannawa sai ya ƙera abinsa. Aikin mako sai ya kai shi wata.

Da likita ya ce jininsa ya hau, dole ya rage zama ya samu hutu, sai ya sauya hanya. Ya koma amfani da shiryayyun tsare-tsaren da masana suka riga suka gina. Ƙwarangwal yake kiransu. Shi dai nasa ya sa nama: launi, hotuna, rubutu.

"Ashe ka koma sayen na kanti?" na tsokane shi.

"Kai kake saƙa yadin da kake ɗinkawa? Tela, ka kiyaye ni."

Ranar murna yake kamar an yi masa haihuwa. Ya ce yanzu da rana tsaka zai gama aiki, ya rufe shago, ya je ya koya wa 'yarsa tuƙa keke. Har keken ya saya, ja, mai ƙararrawa.

Sai dai labari ya bazu cewa Kunkuru ya yi ƙafa. Mai kanti ya kawo ƙaninsa, ƙanin ya kawo surukinsa. Shi kuwa bakinsa bai iya cewa a'a ba. "Ai ba wuya, ƙwarangwal na nan," haka yake cewa, ya jawo wa mutum kujera. Duk lokacin da saurin ya rage masa, wani aikin ya cinye. Ina kallo idanunsa suka faɗa, ƙwayoyin maganinsa suna ƙura kusa da kwamfuta. Keken yana nan jingine a tsakar gida, ko ledar sirdinsa ba a cire ba.

Aikinsa na ƙarshe nawa ne, ban kuma roƙe shi ba. Ya ɗauki hotunan ɗinkunana ya jera su gwanin sha'awa. Gurbi ɗaya ya rage a ƙasa, da rubutun da ƙwarangwal ya zo da shi: "Sa labarinka a nan." Har yau haka yake. Wani ɗan sana'arsu ya ce zai cike mini kyauta, na ce ya bari. Allah ya jiƙan Kunkuru.

Yammacin da ya nuna mini shafin, kafin ya rasu, na riga na rufe shagona, na tsaya a kansa.

"Tashi mu tafi, Kunkuru. Yarinya na jiran keke."

"Gobe, in Allah ya yarda. Saura wannan gurbin kawai."

"To, ɗauko shiryayye ka liƙa mana."

Ya yi dariya har da tari, ya dafa hannuna.

"Naka babu shi a shirye, Tela. Da hannuna zan rubuta. Kai dai gobe ka zo da hoto mai kyau, kada fuskar nan ta kori kwastoma."