Sariyya ko Siriyya?

Jama'a, yau tsirena ya je taron sojoji a unguwarmu Zahir, nan Makka!

Bayan sallar asuba umda, wato mai unguwarmu, ya sanar cewa da la'asar za a karrama sariyya. Ni kuwa "siriyya" na ji, sunan da Larabawan nan ke kiran tsire. Na ce alhamdulillahi, yau an tuna da mu! Na saka babbar riga, na cika tire, na nufi zauren taro.

Ina shiga sai ga sojoji a jere! Ashe sariyya rundunar da ta yi gadin alhazai a Mina ce, ita unguwa za ta ba lambar yabo.

Umda ya taso da sauri. "Malam Sule, bi ta ƙofar baya, kar ka ba mu kunya."

Na ce, "Wallahi ba inda za ni! Tun zamanin kakana muke ciyar da Makka, kunyar me?"

Na dire tiren a kan tebur kusa da lambar. Ƙamshin yaji ya tashi. Kwamandan sojojin na tsakiyar jawabi ya katse shi, ya miƙo hannu cikin tiren.

Har aka tashi lambar na kan tebur, an manta da ita. Tiren kuwa, ko albasa ba su bar min ba!