Idon Inna Bibata

Shekaru sun shuɗe, amma ranar da Inna Bibata ta fara zama a gabana ba ta fita daga raina ba. Ina shekara ta biyu da fara aikin jinya a wani ƙaramin gidan likita da ke bakin kogi, wajen Tunuga. Mu biyu ne kawai, ni da majo, wato shugaban wurin, dattijo mai ƙarancin magana.

Ƙa'idar duba ido ba ta da wuya. Ki wanke hannu, ki juya fatar ido ta sama, ki haska. In amodari ne sabon kamu, sai ki ba da man shafawa, ki koya wa mutum wanke fuska da sabuni. In kuwa gashin ido ya riga ya juya ciki yana gogar ƙwayar, sai takarda zuwa asibitin Gaya a yi ɗan ƙaramin aiki, tun ido bai mutu ba.

Ranar kasuwa ce, mutane cike har baranda. Inna Bibata mai bandar kifi ce, ta ba hamsin baya. Fatar idanunta ta kumbura, kwantsa ta bushe a gindin gashin, ga matsefata rataye a wuyanta da take tsige gashin da ke sukarta. Na gaji, kuma ina ji da karatuna. Na ɗaga murya na ce, "Inna, ga kogi a ƙofar gidanki, amma wanke ido ya gagare ki?"

Wasu a layi suka yi dariya. Ta karɓi takardar Gaya, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Na gode, 'yata." Ta fita.

Da muka tashi, majo ya ce, "Madam, matar nan ba za ta je Gaya ba."

Na ce, "Ai na yi mata bayani."

Ya ce, "Ba bayani ta ji ba. Dariyar ta ji."

Wata biyar ba ta dawo ba. Da muka fita rigakafin yara a ƙauyensu, na tambayi gidanta. Na same ta gaban murhun banda, hayaƙi na dukan fuskarta, ƙuda na yawo kan kayan cikin kifi. Ina tsaye ta share idonta da bakin zane, ta jawo jikarta ta share mata nata idon da wannan bakin zanen. Idonta na hagu ya yi fari fat.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Sau biyar nake alwala kullum, 'yata. Kika ce gaban mutane ba na wanke fuska."

Na roƙi ruwa mai ɗumi da tsumma mai tsabta. Na ɗora mata a kan idanu har kwantsar ta yi laushi, na goge daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da gefensa na tsumman. Na ce kowa a gidan ya sami nasa tsumma, a daina karɓa-karɓar maciyin kwalli, ta kuma riƙa zama inda iska ke kore hayaƙi. Ta ce, "Wannan ba wanda ya taɓa nuna mini."

Majo ya ba ni izini, ni na raka ta Gaya. An gyara fatar idon dama, yana gani har yau. Na hagu kuwa, likitan ya ce da ta zo da wuri, da akwai abin yi. Bai san wanda ya jawo jinkirin ba. Ni na sani.

Ku da kuke fara aikin nan, mutanenmu ba ƙazamai ba ne. Hayaƙi da ƙura da aiki ne suka yi musu yawa, kuma ba a nuna musu ba. Ku rage murya, ku ja labule, ku nuna da hannunku. Inna Bibata ta yafe mini tun ranar da na je gidanta, har kifi take aiko mini. Amma duk lokacin da ta zo gaishe ni, sai ta juyo da kanta gefe ɗaya kafin ta gan ni.