Anti Ummulkhairi, Mai Tambayar Hajiya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, ina tsakar gida ina shanya, maƙwabciyarmu Maman Godiya ta leƙo ta katanga ta ce mini Sista Ummulkhairi ta rasu. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin aikinta, ba ta yi doguwar jinya ba. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwansa ya gama ɗiga a ƙafafuna.

Anti Ummu, ni mai karance-karance ce, kin sani, kin sha tsokanata a kan haka. A littattafan da nake karantawa, idan za a yi babbar mutuwa sai an yi mafarki ko hadari ya haɗu. Taki ta zo rana tsaka, masu keke suna ta hon a titi.

Na san ki ne ta dalilin surukata, Hajiya Nana. Lokacin da aka kawo ni Suleja ina amarya, na tarar da ita a gidan da muke haya a Hashimi, gigin tsufa ya fara taɓa ta, yanar ido kuma ta rufe mata gani. Wata rana ta gane kowa, wata rana ta ce a ɗora wa Malam ruwan wanka, alhali Malam, mijinta, ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Ke ce ma'aikaciyar jinyar da take biyowa ta duba ta idan an tashi daga asibiti, jakarki a kafaɗa, takalmanki duk jar ƙasa. Kina shigowa sai ki ce, "Amarya, ajiye littafin soyayyar nan ki kawo mini kujera."

Abin da na fara lura da shi a wurinki ƙarami ne. Kowa idan ya zo, mu yake tambaya: ta ci abinci? Ta yi barci? Ke kuwa sai ki durƙusa a gabanta ki ce, "Hajiya, in taɓa hannunki?" Ki jira har sai ta miƙo. Na ɗauka ladabi ne kawai irin na 'yan gari. Sai daga baya na gane aiki ne kike yi.

Da likita ya ce za a iya yi mata aikin ido, gida ya rabu biyu. Maigidana, wanda shi ne autanta, yana so a yi idanun duka biyun a huta. Yaya Zakariya, babban ɗanta da ke aiki a Abuja, ya ce a bar tsohuwa ta ƙarasa kwanakinta lafiya, kada a wahalar da wadda ba ta san inda kanta yake ba. Ba don rashin ƙauna ya faɗa ba. Tsoro yake ji. Ya zo da kansa ranar Asabar, ya zauna a bakin gadonta, kina nan, ya tambaye ta ko tana son aikin. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa bango. Ya sake tambaya, ta yi shiru. Ya dube ki ya ce, "Kin gani ko, Sista? Ba ta ma fahimci maganar ba. Mu za mu yanke."

Kika tambaye shi a hankali, "Alhaji, kai ne na fari?" Ya ce shi ne. Kika ce, "To don Allah ku ba mu wuri, kai da ƙaninka. Amarya ta zauna."

Dukanmu mun san Hajiya 'yar gargajiya ce, ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, "mutumin Abuja" take ce masa, ba ta cin abinci a gabansa. Amma tun da ciwon ya zo, duk abin da ta yi sai mu ce ciwon ne. Mun manta tana da kunya tun kafin ta sami gigi. Shi kansa Yaya Zakariya, da ya fahimta, dariya ya yi har da share ido, ya ce shekara hamsin ke nan bai sami amsa daga bakinta kai tsaye ba, ina zai samu yau.

Da suka fita, sai mayafin ya sauka. Kika yi mata bayani da irin maganar da za ta gane: akwai hazo a cikin ƙwayar idon, za a cire shi, ba za a sa ta barci ba, yawanci ana dacewa, wani lokaci kuma ba a dacewa. Kika ce ta maimaita miki abin da ta ji. Ta maimaita, ta ƙara da tambayar ko za ta iya sujada bayan aikin. Sannan ta ce, "A yi ɗaya. Idan ya lalace, ina da ɗayan da nake ganin inuwar mutum da shi."

Ba ki tsaya nan ba. Kin dawo wata safiyar, kin sake dawowa wata, kullum bayan ta sha kokonta, don kin lura a lokacin ne kanta ya fi zama. A ɗaya daga cikin ranakun ta ɗauke ki ƙanwarta da ta rasu, sai kika yi hira da ita kika tafi, ba ki ɗauko zancen ba. Amma duk ranar da ta gane ki, amsar ba ta canza ba: a yi ɗaya. Na ji abin da kika gaya wa 'ya'yanta a zaure, kuma ban manta ba. Kika ce a aikinku ba a ɗauke wa mutum ikon kansa don ya manta ranar mako. Abin dubawa shi ne ko ya fahimci wannan maganar da ke gabansa, ya auna ta, ya faɗi zaɓinsa. Idan ya iya, to zaɓinsa ne, ko da bai yi wa 'ya'yansa daɗi ba. Ba wanda ya sami abin da yake so a cikinsu, amma duka suka bi.

Ranar da aka cire mata bandeji ina tsaye a gabanta, ina jiran irin kalaman da ake rubutawa a ƙarshen littafi. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Ashe 'yar ficiciya ya auro." Kika yi dariya har kika dafa bango.

Ba kullum kike ba ta gaskiya ba. Da ta fara fita tana cewa za ta Zuma neman Malam, har wani mai keke ya tsinto ta a hanyar Maje, ke kika ce a riƙa rufe ƙofar gida, don wannan kam ba ta iya auna haɗarinsa. Amma da aka ce a kulle ta a ɗaki, kika ƙi. Kika ce a bar mata tsakar gida da inuwar mangwaro da kajinta, a tsare ta daidai gwargwadon bukata, kada a ƙara.

Bayan rasuwarki maigidana ya ce kada a gaya wa Hajiya, za ta yi baƙin ciki ne kawai ta manta. Jikinta ya ƙara ja baya a bana. Na roƙe shi mu bar ta ta zaɓa. Washegari da safe na zauna kusa da ita na ce akwai labari marar daɗi a kan wata da ta sani, tana so ta ji ko in bari? Ta ce, "Mutuwa ce?" Na ce eh. Na faɗi sunanki, ba ta gane ba. Na kwatanta ki, sai ta ce, "'Yar nan mai korar maza waje?" Sannan ta ce in ɗauko mata mayafi.

Mun je gidanki. Ta yi wa mijinki gaisuwa, ta yi doguwar addu'a har mata suka yi ta amin. A hanyar dawowa, cikin keke, ta juyo ta tambaye ni gaisuwar wa muka je. Na sake gaya mata, ta sake yin kuka sabo, kamar yanzu ta fara ji. Jiya ma ta tambaya ko Sista ba za ta zo ba ne. Ban san sau nawa ya kamata in gaya mata ba, Anti, ban san ranar da faɗar za ta zama cutarwa ba. Ke ce wadda zan tambaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Ya sassauta miki tambaya kamar yadda kika sassauta wa bayinSa masu rauni. Ina miƙa ta'aziyyata da ta maigidana da ta Yaya Zakariya ga mijinta Malam Ghali, da ɗanta Salisu da ƙannensa, da abokan aikinta, da duk tsofaffin Suleja da take bi gida-gida. Hajiya ta riga ta miƙa tata da bakinta. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa idan namu ƙarfin ya ƙare mu faɗa hannun masu tausayi. Amin.

Mansura Musaddiq
Hashimi, Suleja