Asabar Ɗin da Muka Take Wasa Babu Honarabul

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da aka ce in tsare 'yan wasana a ɗakin canza kaya ba. Lokacin ni ne manajan kulob ɗinmu na Gumel. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku sani manaja ba koci ba ne. Koci ƙwallo yake koyarwa. Manaja shi ne mai kula da mota da abinci da masauki, kuma shi ke fito da 'yan wasa gaban alƙalai a duba su kafin a take wasa. In ƙungiya ta makara, shi ake tuhuma.

Gara in faɗi gaskiya, ba cancanta ce ta ba ni kujerar ba. Na yi wa Honarabul, ɗan majalisarmu, yawon kamfe ƙauye-ƙauye, ni ne mai riƙe lasifika a tarukansa. Da ya ci zaɓe sai ya saka mini da ita. Shi ke sayen riguna, shi ke zuba wa motarmu mai, don haka bakina bai saba ce masa a'a ba.

Wasan ranar shi ne na ƙarshe a rukuninmu. In muka ci, za mu hau rukunin ƙwararru, inda ɗan wasa ke da kwantiragi da albashi. Yaran nan kuwa wasu acaɓa suke yi, kyaftin ɗinmu Habu dako yake yi a kasuwar Maigatari. Zaɓe kuma ya ƙarato, Honarabul na neman komawa. Sai ya aiko cewa shi zai yi bugun farko, wato ya shigo tsakiyar fili da babbar riga ya taɓa ƙwallo, a ɗau hoto, sannan a fara.

Bayan la'asar fili ya cika maƙil, baƙinmu sun fito suna motsa jiki, Honarabul kuwa yana can wajen taron kamfe a Gagarawa Tasha. Sabo, na hannun damansa, ya same ni a ƙofar ɗaki da waya a kunne.

"Manaja, Oga ya ce kada ƙafar kowa ta taka fili sai ya iso."

Na ce, "An gama." Ko gardama ban yi ba. Na mayar da yaran ciki na ja ƙofa.

Can sai ga kwamishinan wasa, wato jami'in da masu shirya gasa ke turowa daga wata jiha don ya ga an bi ƙa'ida. Dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce lokaci ya yi, kuma in ɗan jinkirin da doka ta yarda ya wuce ba mu fito ba, alƙali zai busa ya ba baƙi maki. Na fara yi masa bayanin babban baƙo. Ya ɗaga hannu.

"Malam Manaja, agogona bai san Honarabul ba. Filinku kuma ba fitila, ba zan kai wasa magariba ba."

Na koma ciki. Yara na zaune, kowa takalmi ɗaure. Habu ya miƙe ya ce, "Baba Manaja, wai hoto muka zo ɗauka ne ko ƙwallo? In hoto ne a faɗa mana, gobe ina da buhuna da ke jirana."

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don na ga idonsa ya kaɗa.

Na leƙa na tambayi Sabo ina aka kwana. Ya ce, "Ga shi nan ya taso, yanzun nan za ka ji jiniya."

Maganar nan ce ta farkar da ni, domin tawa ce. Sau nawa na riƙe lasifika ina faɗa wa jama'a "ga shi nan ya taso" alhali mutumin ko wanka bai yi ba? Na fizge wayar na kara a kunnena. Kiɗa nake ji, da muryar mai gabatarwa yana kiran shugabar mata ta zo ta yi jawabi. Na san tsarin taron nan kamar tafin hannuna: bayan mata sai matasa, sai dattawa, sannan shi.

Na buɗe ƙofa na ce, "Habu, ja su."

Sabo ya tare hanya. "Ka san abin da kake yi? Wa ya sa ka a nan?"

"Shi ya sa ni. In ya iso ya cire ni. Yanzu dai matsa."

Bai matsa ba, sai da Habu ya ɗauke shi cak kamar buhun gero ya ajiye gefe, har da cewa, "Yi haƙuri, yallaɓai."

Aka take wasa. Sai da aka dawo daga hutun rabin lokaci sannan jiniya ta iso, motoci jere, da 'yan banga da tutoci. Daidai lokacin muna bugun kwana, ko mutum ɗaya bai waiwaya ba. Daga kwanar nan Habu ya sa kai, ƙwallo ta shiga raga. Da ita muka hau.

Ranar Litinin Honarabul ya kira ni gidansa. Bai ce in zauna ba.

"Ni za ka kunyata a garinmu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode da alherinka. Amma riguna ka saya, ba ka sayi yaran da ke cikinsu ba."

Kafin azahar an naɗa wani a kujerata. Yanzu ina Sule Tankarkar ina haɗa wasannin unguwa, Habu kuwa ya bar dako.

Abin da na koya shi ne, 'yan siyasa ba ƙwallo suke so ba, taron da ta tara suke so, kuma irinmu ne ke buɗe musu ƙofa. Korar ba ta taɓa hana ni barci ba. Abin da nake neman gafara a kai shi ne "an gama" ɗin da na fara faɗa. In taku ranar ta zo, ku fito da yaranku tun kiran farko.