Sada Mai Wuƙa Uku

Bari in fara da wautata kafin wani ya riga ni faɗi. Ni Iro, da furfurata da jikokina, ban taɓa yanka ko kaza ba. Da na ga jini sai in nemi gindin bango. Amma duk Kusada ba a yi mai wuƙa mai tsada kamar tawa ba, kuma na daɗe ina yawo da ita a ƙugu sai ka ce wani sarkin fawa. Wanda ya fi kowa shan dariyar wannan abu shi ne marigayi Sada, ɗan kawuna kuma taubashina, wanda ya ɗan girme ni. Shi nake so mu tuna.

Ku da kuka san shi kun san hannunsa na hagu ba gashi ko ƙwaya ɗaya, sumul kamar bayan ƙwarya. Ba haka aka haife shi ba. Duk wuƙar da ya gani sai ya gwada kaifinta a gashin hannunsa. In ya je barka ko gaisuwa, kafin a kawo mashi ruwa zai aika cikin gida a miƙo mashi wuƙar yankan albasa ya gani. Matan unguwa har ɓoye nasu suke yi in sun ji sallamarsa, don zai mayar da ita ne tare da saƙon cewa wannan ba yanka albasa take ba, lallashinta take. Da gashinsa ya ƙare sai ya dawo kan nawa, ni da Allah ya yi ni gargasa. Ko alwala nake a ƙofar masallaci, in na naɗe hannun riga zan ga yana kallon damtsena kamar manomi na kallon geron da ya isa girbi.

Noma ne sana'arsa, amma ya yi fawa da ƙuruciya, kuma shi ake kira in dabba ta faɗi. Daga ƙauyen Ƙofa har Kaikai, in saniya ta kwanta aka ga ba za ta tashi ba, Sada ake nema ya zo ya yanka kafin rai ya fita. In ya isa da wuri, mahauta su sayi naman, mai ita ya rage asara. In ta riga shi, ko wuƙa ta tsaya a tsakiyar wuya har ta mutu, ta zama mushe, sai a ja ta bayan gari a bar wa ungulu. Abin da Sada ke taƙama da shi a duniya guda ne: dabba ba ta taɓa zama mushe wuƙarsa na wuyanta ba. Ba ya tsoron maciji, ba ya tsoron kwanan daji. Abin da yake tsoro shi ne ranar da wuƙa za ta ba shi kunya a gaban mutane.

Duk da haka bai taɓa sayen wuƙa mai tsada ba. Ya ce hatsin gidansa bai kai nan ba. 'Yan China yake saya, irin masu ƙotar roba da ake zubawa a tabarma ranar kasuwar Kankiya. Yadda yake sayen ne abin kallo. Akwai wani mai shimfiɗa, Ɗanjuma, mutumin Kunduru. Sada zai zauna gabansa ya sa a zazzage kwali guda, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya lanƙwasa a gwiwa ya ga ko za ta miƙe, ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne, ya girgiza ƙota, sannan ya waiwayo ya nemi hannuna. Ya ce kamfani ɗaya, kwali ɗaya, hatimi ɗaya, amma halin kowace daban. Ya ɗaga wata ya ce wanda ya ƙera ta ya ci ya ƙoshi kafin ya fara aiki. Ya ɗaga ta kusa da ita ya ce mai wannan kuwa da faɗa ya fito daga gida. A kwali guda da ƙyar yake fitar da biyu.

Da farko Ɗanjuma haushi yake ji. Daga baya ya lura mutane na tsayawa bayan Sada, duk wadda ya daɗe yana juyawa sai su yi rububinta in ya ajiye, shi kuwa sai ya fara ɗora mata kuɗi. Sada ya gane. Wata kasuwa sai ya ɗauki wata ya yi ta yabo, yana gyaɗa kai, yana cewa rabon da ya ga ƙarfe irin wannan tun yana saurayi, sannan ya ajiye ta da ajiyar zuciya wai aljihunsa bai kai ba. Kafin ta taɓa tabarma wani wawa ya wawure ta ya biya ba ciniki. Ni ne wawan. Da yamma maiɗakina ta sa ta a kabewa, ta lanƙwashe kamar lauje. Na kai mashi ƙara har zaure.

"Ai Ɗanjuma na ɗana wa tarko," in ji shi. "Ban san kai ke kiwo a wurin ba."

Uku yake ɗauka duk inda za shi, kowace da kubenta: ɗaya a ƙugu, ɗaya a damtse, ɗaya a aljihun 'yar ciki. Ya ce mai arha ba ta sallama in za ta tafi, dole a tanadi ƙannenta. Na ga amfanin hakan da idona a rugar wani Bafulatani, Buba, a Kaikai. Saniyarsa ce ta faɗa rami ta karye, numfashi na ja baya. Aka juya ta alƙibla aka danne, Sada ya yi bisimilla ya fizgo ta ƙugu, sai ga ƙota kaɗai a hannunsa, ƙarfen ya yi zamansa cikin kube. Kafin dariyar da ta taso mani ta iso baki, ta damtse ta riga ta gama aiki. Ya wanke hannu, ya tsinci ƙotar robar nan ya miƙa mani a gaban Buba da iyalinsa, ya ce ga wuƙar da ta dace da ni, in riƙe da kyau kada in yanke.

Ana nan sai babban ɗana Bishir, da ke tuƙa babbar mota zuwa Legas, ya kawo mani tsaraba: wuƙa 'yar Jamus, cikin kwalinta, da kube na fata mai kauri da ƙotar katako. Ya ce kuɗinta sun isa sayen tunkiya. Yaron ya san halina sarai, ina jin so ya yi a rage yi wa ubansa dariya. Ban ko tsaya cin abinci ba na nufi zauren Sada.

Ya zare ta, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya jawo damtsena. Sau ɗaya ya shafa, gashi ya zube, ban ma ji wucewarta ba. Ya sa ta a gwiwa, ta ƙi lanƙwasuwa. Ya girgiza ƙota, ko motsi. Tunda nake da Sada ban taɓa ganin ya yi shiru da wuƙa a hannu ba sai ran nan. Can ya ce ta yi nauyi. Na ce ba ta yi ba. Ya ce to ta cika ƙyalli, dabba za ta hango ta ta firgita. Ya jawo dutsen washinsa, wanda ya gada wurin kawu, ya goga ta a kai wai zai gyara mata baki. Ashe ƙarfen ya fi ƙarfin dutsen, maimakon dutse ya ci wuƙa sai wuƙa ta bar mashi zane. Wannan ne bai yafe mata ba. Nan take ya raɗa mata suna Hajiya, wai ga kyau ga tsada, amma ba ta zuwa gona.

Daga ranar gaisuwarmu ta sauya. Kafin ya tambayi iyali sai ya tambayi Hajiya, ko ta tashi lafiya, ko har yanzu tana hutu. Ni kuwa na ɗaura ta a ƙugu, kasuwa da ita, ɗaurin aure da ita. Aikin da ta yi a hannuna bai wuce fasa goro da feraye rake ba. Shi kuma ya ci gaba da sauya 'yan Chinarsa. Wannan ta yi tsatsa da damina, waccan ta yi giɓi a ƙashi, wata ƙotarta ta tsage, ya koma gaban Ɗanjuma ya sake zazzage kwali. Hajiya na nan yadda ta zo. In na yi mashi gori da haka sai ya ce ai duk abin da ba ya aiki ba ya tsufa, in dubi kaina ma. Amma duk zaman da muka yi sai ya ce in miƙo ta ya duba ko tsatsa ta kama ta. Ya juya ta nan, ya juya ta can, ya daɗe, sannan ya mayar mani da ita tare da zagi. Bai taɓa cewa in ara mashi ba. Sada ba ya yanka da wuƙar aro, kowa ya san wannan.

Tsufa ta hannu ya zo mashi. Muka fara lura kofin shayi na rawa in ya ɗaga. Wata layya ya daɗe a wuyan ragon maƙwabcinsa fiye da yadda ya saba. Ragon ya yanku, ba wanda ya ce komai, amma daga nan wasu suka fara kiran samarin mahauta a asirce. Shi ya ce laifin wuƙar ne, ya jefar da ita ya sayo wata.

Farkon wata damina babban bijimin huɗata ya tsinke ya shiga wata gona a hanyar Ƙofa, inda gyamron dawa, tohon nan mai kumbura dabba, ya tsiro, ya ci ya ƙoshi. Da hantsi cikinsa ya kumbura kamar ganga. Muka ɗura mashi man gyaɗa, muka ɗura kanwa, ya dai kwanta yana nishi. Manoman da suka taru suka ce in nemi mai yanka tun da sauran rai. Na san in ya zama mushe ba ni da abin sayen wani, gonata sai dai in bi ta da fartanya, da wannan bayan nawa. Mahauta na cikin gari, gidan Sada ne kusa. Wani maƙwabcin gona ya hau mashin ya ɗauko shi.

Ya sauko a hankali, ya tsuguna, ya jera wuƙaƙensa uku a kan ciyawa. Ya dubi wuyan bijimin, mai kauri, fata ninki-ninki. Ya miƙa hannunsa na dama ya dube shi yana rawa. Mutane sun riga sun juya dabbar alƙibla sun danne, ana jira. Ni na riga na ba su baya, ina neman bishiyar da zan jingina.

"Iro."

"Na'am."

"Hajiya na kusa?"

Na ce tana ƙugu inda ta saba.

"To ta taso. Hutu ya ƙare."

Na miƙa mashi ta baya ban waiwaya ba. Na ji bisimilla da kabbara, ban gama cije leɓe ba aka ce an gama. Waɗanda suka gani sun ce ja ɗaya ya yi, bai ɗaga hannu ba. Mahauta suka iso suka saye naman, na cika abin da ya rage na sayi wani ɗan bijimi, shekarar na yi huɗata.

Amma a wurin, da mutane suka shiga yabo, ana cewa ashe Sada bai tsufa ba, sai ya zauna a gindin bishiyar da na jingina, yana goge wuƙar da ganye.

"Ku bar wannan magana," ya ce masu. "Wuƙa ce ta yi yanka yau. Ni rakiya na yi mata."

Shi ne yankansa na ƙarshe. Ko kaza aka kawo sai ya ce a kai gaba. Wuƙaƙen nan uku ya raba wa matan unguwa, kowace da gargaɗin wadda ke son mai da wadda ba a sa wa ƙashi. Ya rasu bara bayan girbi, ba a taɓa jan mushe daga ƙarƙashin hannunsa ba. Allah ya jiƙan Sada, ya sauƙaƙa mashi kwanciya kamar yadda ya riƙa sauƙaƙa wa dabbobin mutane, ya sa ya huta.

Hajiya na nan wurina. Da yammacin ranar bijimin na wanke ta, na shafa mata mai, na kai mashi zaure tare da hanta da ƙoda. Na ce ya riƙe, ta fi dacewa da shi. Ya karɓi naman ya aika cikin gida. Wuƙar kuwa ya zare ta, ya daɗe yana kallo, ya mayar da ita kube da ƙyar saboda rawar hannu, ya turo mani a kan tabarma. Sannan ya faɗi maganar da har ya bar duniya ban ba shi amsarta ba.

"Sai yanzu, Iro? Duk shekarun nan kana ganin yadda nake riƙe ta."