Yayata da Tawul ɗin Matar Mai Agogo

Yayata ba ta taɓa tafiya tana kallon ƙasa ba. Shekara ashirin da huɗu tana aiki a ofishin jin daɗin jama'a, sashen matan da ake duka a gida, kuma duk tsawon shekarun nan idonta na sama, kan tagogi da barandodin mutane. Sau biyu tana afkawa kwata. Mu a gida Kallon-Sama muke ce mata, ita ko a jikinta.

Aikinta ba wani ado a ciki. Mace ta zo da kumburarriyar fuska, ta ba ta ruwa, ta zauna shiru har sai ta yi magana don kanta. Ta raka ta asibiti a rubuta takarda, ta raka ta wurin 'yan sanda, in tana son mafaka ta nema mata ɗaki. Abin da ke ba ni haushi shi ne da yawansu komawa suke yi, Yaya kuma ba ta hana su.

Na taɓa ce mata, "Haba Yaya, ki riƙe ta mana!"

Ta ce, "A gida an riƙe ta, nan ma a riƙe ta? Nawa dai in san tana da rai kowace safiya."

Don haka duk wadda za ta koma sai sun yi alkawarin alama. Waya ba ta da amfani, maigida na bincika ta. Wata bokiti take kifewa a ƙofa, wata labule take ɗaurewa gefe guda. In alamar na nan, lafiya aka kwana. Yaya ta bi ta layin da tsohuwar motarta kafin ofis, ta danna hon sau biyu don matar ta san an gani, ta wuce. Ranar da ba alama, ta tsaya ta ƙwanƙwasa.

Da yanar ido ta kama ta aka yi mata aiki, likita ya ce sati biyu ba tuƙi. Ni tela ce, shagona sai tara nake buɗewa, sai ta ba ni motarta ta ɗora min zagayen. Gida bakwai ne, ta rubuta min su a bayan ambulan. Na shida shi ne benen mai gyaran agogo: shago a ƙasa, gida a sama, alamar matarsa tawul shuɗi a baranda.

Kullum in dawo in same ta kwance da bandeji a ido, in karanto mata. Bokiti na nan. Labule na nan. Tawul na nan. Kwana shida ina haka, in duba, in danna hon sau biyu, in wuce, har ina jin kaina wata ma'aikaciya.

A rana ta shida na ƙara da tsokana. "Wannan ta mai agogo, kai, akwai tsafta! Tawul a miƙe sambal a igiyar sama, an maƙale shi gefe da gefe kamar da ma'auni."

Yaya ta tashi zaune. "Igiyar sama kika ce?"

"Eh mana."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fara."

"Ke, ɗauko min mayafina." Muryarta ta sauya. "Mijin ya karya mata kafaɗa bara. Hannunta ba ya wuce ƙirjinta. A kan ƙarfen baranda take jefa shi, a karkace. Wa yake shanya tawul ɗin nan?"

Na ɗauko mata mayafin, muka fita.

Muka biya ta ofishin 'yan sanda muka ɗauki wata 'yar sanda da suka daɗe suna aiki tare. Ƙarfe goma na safe ne, rana tarwai, layin cike da mutane, amma da muka shiga shagon sai na ji sanyi. Agogo ko'ina, bango huɗu, kowanne na bugawa daidai da ɗan'uwansa. Mutumin ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido, ya miƙe da fara'a. Ɗan siriri ne, farcensa tas.

"Sannunku da zuwa, Hajiya. Ashe ido ne? Allah ya ƙara sauƙi. Ai maiɗakin ta tafi ganin gida, sati guda ke nan."

Yaya ta ce, "Madalla. Ƙafata ta gaji, Malam, a ba ni wuri in zauna a sama."

Bai musa ba, shi ya ma wuce gaba. Falon ƙal, ba ko ƙura. Takalman matar a jere bakin ƙofa, ƙafa uku, da jakarta a rataye. A raina na ce, wace mace ke tafiya ganin gida ba takalmi ba jaka? Ta gilashin baranda ina hango tawul ɗin, a bushe ƙamas, ba wanda ya goge jiki da shi.

Yaya ta zauna, ido ɗaya a rufe, ta yi abin da ta fi iyawa, wato shiru. Shi yana ta zuba, tsadar batir, halin mata. A hankali zancensa ya ƙare, ya rage sai agogon falo. Can sai na ji wani bugu a ƙarƙashin nasa. Bai bi sahu ba. Ya buga, ya tsaya, ya sake.

Yaya ta ce, "Malam, duk gidan nan agogo ɗaya ne bai daidaita ba. Ina yake?"

Fara'ar ba ta bar fuskarsa ba, har lokacin da 'yar sandan ta karɓi makullin ɗakin da bugun ke fitowa daga aljihunsa.

A ɗakin ajiya matar take, bayan kicin, ba taga. Tana zaune tsakanin kwalaye da cokali a hannu, da shi take buga bututun ruwa. Da rai, alhamdulillahi, amma leɓenta duk ya tsage. Yaya ba ta ruga ta rungume ta ba. Durƙusawa ta yi a bakin ƙofa ta ce, "Ni ce. In shigo?" Sai da matar ta gyaɗa kai.

A hanyar asibiti ta faɗa mana. Ya lura kullum tana fitar da tawul kuma mota na yin hon, ya dake ta har ta faɗi ma'anarsa. Daga nan ya kulle ta, ya karɓi shanyar.

Yanzu tana gidan mafaka, shi yana tsare, maganar na kotu. Yaya ta koma aiki da ido biyu, ta sauya tsari: ba ta ƙara yarda da alama kwana uku a jere ba tare da ta ga fuska ba. Ba ta taɓa ɗora min laifi ba, cewa ta yi ita ce ba ta faɗa min yadda ake shanyar ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Don a motar nan, ranar da muke kai ta asibiti, ina tuƙi, wani mai babur ya gitta min na danna hon. Matar ta zabura a baya. Ta dube ni ta madubi, ba faɗa, ba kuka, ta ce, "Ashe ke ce, Anti. Kullum da safe ina jin ki. Sau biyu, sai ki wuce."